Girmama shugaban ikilisiya: ina biyayya ta tsaya, ina cin amana ya fara?

Da wuya ka ga rikicin da ya raba ikilisiya gida biyu wanda kowane ɓangare bai riƙe ayarsa ba. Masu goyon bayan fasto su buɗe Ibraniyawa 13:17, inda aka umarci masu bi su yi wa shugabanninsu biyayya. Masu ja da shi su buɗe Ayyukan Manzanni 5:29, inda Bitrus da sauran manzanni suka ce Allah ne ya fi cancanta a yi wa biyayya, ba mutum ba. Ayoyin nan biyu a littafi ɗaya suke, ba kuma wadda ta soke 'yar'uwarta. Wahalar tana wajen gane wacce ce ta dace da wane hali, domin mai cin amana yakan kira kansa mai faɗin gaskiya, shugaba mai danniya kuma yakan kira duk wanda ya yi masa tambaya ɗan tawaye.

A fara da dalilin girmamawar, don Littafi Mai Tsarki bai bar shi a ɓoye ba. Ayar Ibraniyawa ɗin ta ce shugabanni suna tsaron rayukan jama'a ne a matsayin waɗanda za su ba da lissafi, ta ƙara da cewa a bar su su yi aikin da farin ciki, kada su yi shi da nishi, don nishinsu ba zai amfani kowa ba. Manzo Bulus ya gaya wa Tasalonikawa su ga darajar masu fama a cikinsu, su ƙaunace su saboda aikinsu. A 1 Timoti 5:17 ya ce dattawan da ke riƙe ikilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu, musamman masu wahala a wa'azi da koyarwa, ya kuma kawo dokar Musa ta kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka, wato har abincin bakinsu yana cikin girmamawar. Duk wuraren nan abu ɗaya suka jingina girman a kansa, shi ne aikin da nauyinsa. Ba inda aka jingina shi ga kwarjinin mutum, ko iya maganarsa, ko yawan laƙabin da ke gaban sunansa.

Akwai kuma wata kariya da aka ba shugaba a aya ta 19: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Wanda bai taɓa zama kusa da aikin ba zai ɗauka gata ce. Amma a duba yadda aikin yake. Fasto ya dakatar da wani daga jagorancin waƙa saboda abin da matar mutumin ta zo ta faɗa masa tana kuka, ta roƙe shi kada kowa ya ji. Kafin Lahadi ta zagayo, labari ya cika coci cewa fasto yana ƙyashin baiwar yaron ne. Da kalma biyu zai iya wanke kansa, sai dai kalmomin nan biyu za su tona asirin gidan wani, don haka ya yi shiru, ana yi masa kallon azzalumi. Mutumin da aikinsa riƙe sirrin jama'a ne, shi ya fi kowa sauƙin shafa wa kashin kaji. Dokar shaidu don irin wannan aka kafa ta.

Ikilisiyar farko ta ɗauki maganar da muhimmanci ƙwarai. Wajen shekara ta 96 ikilisiyar Roma ta aika wa ta Korinti doguwar wasiƙa, wadda ake danganta wa Kilemen, ɗaya daga shugabannin ikilisiyar Roma, saboda wasu sun tashi sun tuɓe dattawan da ba su yi laifin komai ba. A farkon ƙarni na biyu, Ignatiyus na Antakiya, ana tafiya da shi Roma a ɗaure don a kashe shi, ya rubuta wa ikilisiyoyi yana ta nanata cewa kada a yi wani abu da ya shafi ikilisiya ba tare da bishop ba. A lokacin ba kowa ke da Littafi a hannu ba, malaman ƙarya suna yawo gari gari, hukuma kuma tana farautar masu bi. Taron da ya rasa kai ɗaya a irin wannan yanayi watsewa yake yi. Daga baya, bayan tsanantawar da Sarki Diyokletiyan ya fara a 303, ikilisiyar Arewacin Afirka ta tsage a kan limaman da ake zargin sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don su tsira. Mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce baftismar da irin waɗannan limamai suka yi ba ta karɓuwa. Agustin na Hippo ya amsa da cewa ingancin baftisma daga Almasihu yake, ba daga tsarkin hannun da ya yi ta ba. Rabuwar ta wuce shekara 100 tana cin ikilisiyar yankin. Abin da ya rage mana daga wannan muhawara shi ne ana iya girmama kujera ko da wanda ke kanta yana da rauni, kuma duk wanda ya ce sai shugaba marar aibi zai bi, to ya shirya yawon coci har ya mutu.

To mene ne rashin aminci? Ba inda aka zana shi filla-filla kamar 2 Sama'ila 15. Absalom ɗan Sarki Dawuda ya nemi karusa da dawakai da mutum 50 masu gudu a gabansa. Da sassafe sai ya tsaya a bakin hanyar ƙofar birni. Duk wanda ya taho da ƙara wurin sarki, ya tare shi ya tambaye shi daga wane gari yake. Ya saurari maganarsa, ya ce masa ai kana da gaskiya, sai dai sarki bai sa kowa ya ji irin kukanka ba. Sannan ya yi ajiyar zuciya: da ma ni aka naɗa alƙali a ƙasar nan. In mutumin ya sunkuya zai gaishe shi, sai Absalom ya miƙa hannu ya riƙe shi ya sumbace shi. Littafi ya ce da haka ya sace zukatan mutanen Isra'ila. A lura, bai zagi mahaifinsa ko sau ɗaya ba, bai kuma shiga fada ya ce baba, jama'a na wahala, a gyara ba. Hanyar da za ta kai kukan mutane ga sarki ita ya tare, yana kuma kukan cewa sarki ba ya ji.

Na yau ba ya bukatar karusa. Yana tsaye ne a bakin ƙofar coci bayan an tashi sujada, ko yana cikin wani zauren WhatsApp da aka buɗe ba tare da fasto ba. Maganarsa mai laushi ce. "Ba wai ina kushe baba ba ne, ina gaya maka ne don ka sa shi a addu'a." "Ni dai da ni ne, da ban bar ki a asibiti kwana uku ba wanda ya leƙo ki ba." A taron dattawa bakinsa ƙanin ƙafarsa, in an tambaye shi ya ce ba shi da abin cewa, ya sa hannu a kan abin da aka yanke. Da yamma kuma wayarsa ba ta hutawa. Abin da ya sa wannan hanya take da haɗari shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Matar ta kwana uku a asibiti. Absalom ma yana da dalilin fushi: ɗan'uwansa Amnon ya yi wa Tamar, ƙanwar Absalom, fyaɗe, Dawuda ya husata amma bai hukunta shi ba. Shugaban da ya ga zalunci a gidansa ya kau da kai, shi ma yana da hannu a tawayen da zai biyo baya. Sai dai gaskiyar da aka kai wa kowa ban da wanda zai iya gyarawa ta tashi daga neman gyara, ta koma tara mabiya.

Akwai aya ɗaya a labarin da ba a cika wa'azi a kanta ba, alhali ita ce ta fi nuna wanda ke shan wahalar. Aya ta 11 ta ce mutum 200 daga Urushalima sun bi Absalom zuwa Hebron a matsayin waɗanda aka gayyata, da zuciya ɗaya suka tafi, ba su san komai ba. An ce musu cika wa'adi za a yi ga Ubangiji. Suka farka suka ga kansu cikin rundunar 'yan tawaye. A yaƙin da aka yi a dajin Ifraimu mutum 20,000 suka mutu. Haka abin yake har gobe. Wanda ya shirya zagon ƙasa ya san abin da yake nema, in bai samu ba ya buɗe nasa wurin ko ya koma wani gari. Waɗanda ake bari da rauni su ne sabon mai bi da aka yi wa baftisma watan jiya, da tsohuwar da 'ya'yanta biyu kowa ya bi ɓangarensa, da yaran da suka girma suna jin iyayensu na yanka fasto a gida duk ranar Lahadi. Irin waɗannan yaran in sun girma ba cocin kaɗai suke bari ba. Ita kanta ikilisiyar da aka ci amanarta sau ɗaya takan daɗe ba ta warke ba, domin shugaban da aka sara ta baya yakan daina yarda da kowa, ya daina ɗaga matasa, ya tattara komai a hannunsa, sai laifin da aka ƙaga masa da farko ya zama gaskiya.

Labarin Kora a Littafin Ƙidaya 16 ya ƙara wani abu. Shi da Datan da Abiram da shugabanni 250 sun tsaya gaban Musa da magana mai daɗin ji: ai dukan jama'a tsarkaka ne, don me kuke ɗaukaka kanku? Musa ya hango abin da ke ƙarƙashi, ya tambayi Kora ko hidimar da aka ba Lawiyawa ta yi masa kaɗan ne har yake neman firistanci ma. Ƙasa ta buɗe, wuta ta sauko, kashegari annoba ta ɗauki mutum 14,700. Amma masu son tsoratar da jama'a da wannan sura su ƙarasa karatu zuwa 26:11, inda aka ce 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Zuriyarsu ce sunanta ke kan Zabura 42 da 84. Wanda ke cewa la'anar saɓa wa fasto za ta bi jikokinka, daga wani wuri ya samo ta.

Nan ne aka iso ɗaya gefen, wanda a ganina ya fi bukatar a yi magana a kansa a wannan zamani. Ba ayar da ake wulaƙantawa a wannan fanni kamar Zabura 105:15, "kada ku taɓa shafaffuna". Wanda ya karanta zaburar daga sama zai ga maganar su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ayar tana kare marasa ƙarfi ne daga masu iko. Yau an juya ta, mai iko ke kare kansa da ita daga tambayar marar ƙarfi. Sabon Alkawari ma, a 1 Yohanna 2:20 da 27, ya ce shafewar tana kan dukan masu bi.

Ana kuma kawo Dawuda da Saul, kuma misali ne mai kyau in an ba da shi cikakke. A kogon En-gedi Saul ya shiga biyan bukata, bai san Dawuda da mutanensa suna can ciki ba. Mutanen suka ce yau ce ranar. Dawuda ya lallaɓa ya yanke gefen rigarsa kawai, har wannan ma ya dame shi a zuciya. Amma da Saul ya fita, Dawuda ya biyo shi ya ɗaga murya, ya rusuna, ya kira shi ubana, ya nuna masa ƙyallen, ya faɗa masa ido da ido cewa farautar raina kake yi ba tare da na yi maka laifi ba, Ubangiji ya shara'anta tsakanina da kai. Abin da Dawuda ya ƙi yi shi ne kisa da ƙwatar kujera. Bai ƙi faɗin gaskiya ba, bai kuma koma fada ya miƙa wuyansa ba. Ya girmama Saul daga nesa, inda mashi ba zai same shi ba.

Littafi cike yake da mutanen da suka gyara wa shugaba zama ba a kira su 'yan tawaye ba. Yetro, surukin Musa, ya dube shi ya ce abin da kake yi ba daidai ba ne, za ka gajiyar da kanka da jama'a, Musa ya ji ya raba aikin. 'Ya'yan Zelofehad mata su biyar suka tsaya a ƙofar alfarwa gaban Musa da firist da dukan taro, suka ce dokar gado ta bar su a baya, Allah ya ce suna da gaskiya. Annabi Natan ya shiga wurin Dawuda bayan ya ɗauke matar Uriya, ya ce kai ne mutumin da ya yi laifin. Bulus ya tsaya wa Bitrus a Antakiya gaban kowa lokacin da ya janye daga cin abinci da al'ummai. Kuma ayar da ke bin dokar shaidu kai tsaye, 1 Timoti 5:20, cewa ta yi masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa don saura su ji tsoro. Mai riƙe aya ta 19 ya rufe ta 20, rabin umarni ya ɗauka.

Abin da ya raba Natan da Absalom ba zafin magana ba ne, don ta Natan ta fi zafi nesa. Natan ya shiga ta ƙofa, ya faɗa a fuska, ya fita bai nemi komai wa kansa ba, ya kuma ci gaba da tsaya wa gidan Dawuda har tsufan sarkin. Duk wanda ke da ƙorafi a kan shugabansa zai iya auna kansa da wannan. Shin ya faɗa wa mai laifin kafin ya faɗa wa wasu, yadda Matiyu 18:15 ta shimfiɗa, shi kaɗai tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan gaban ikilisiya? In shugaban ya tuba ya gyara gobe, zai yi murna ko zai ji an ƙwace masa makami? Tambaya ta biyun ta fi tona zuciya.

Biyayyar da ba ta da iyaka kuwa, an ga ƙarshenta. Yesu ya ce a Markus 10 masu mulkin al'ummai suna nuna musu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba. Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su yi kiwo don ƙazamar riba, kada su mallake waɗanda aka damƙa musu. Wasiƙar Yohanna ta uku ta ambaci Diyotarifis mai son zama na gaba, wanda ke korar mutane daga ikilisiya don sun karɓi 'yan'uwa. A Militus, Bulus ya gaya wa dattawan Afisa cewa daga cikinsu ne wasu za su taso su ja almajirai su bi su. Ke nan shugaba ma yana iya zama mai cin amana, kuma nasa ya fi muni. Ranar 18 ga Nuwamba 1978, a Jonestown ta ƙasar Guyana, mutum sama da 900 suka mutu bisa umarnin Jim Jones, wanda ya daɗe yana gwada amincin mabiyansa yana kiran masu barinsa maciya amana. A 2023 an tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da sa su azumi har mutuwa. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka yi shekaru ana sauya wa limaman da suka lalata yara wurin aiki maimakon a miƙa su ga hukuma. A duk waɗannan akwai mutanen kirki da suka gani suka yi shiru, suna tsammanin aminci suke yi. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ko da ba kullum maganar ke cika ba, ba shugaban da ya taɓa yin irin wannan ɓarna shi kaɗai.

Shi ya sa ikilisiyoyin da suka daɗe suka gina wa ƙorafi hanya. Dokokin Cocin Katolika na 1983, a doka ta 212, sun haɗa abu biyu wuri ɗaya: masu bi su yi wa makiyayansu biyayya, kuma suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana musu ra'ayinsu kan abin da ya shafi amfanin ikilisiya. Tun a ƙarni na shida Benedik ya tsara wa sufaye cewa in babban al'amari ya taso, shugaba ya tara kowa ya ji shawara, don sau da yawa Ubangiji ƙarami yake nuna wa abin da ya fi. Wasu ɗarikun suna da majalisar dattawa, wasu taron gunduma, wasu bishop a sama. Sunan bai dame ni ba. Abin tambaya a kowace coci shi ne, wa zai iya kiran fasto ya zaunar da shi, kuma wa ke ganin littafin kuɗi ban da shi da iyalinsa. Inda amsar ta zama babu kowa, za a sami masu fadanci da masu gulma, domin mai son faɗin gaskiya ta hanyar da ta dace ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da ya kai laifi a doka kuwa, kamar taɓa yaro ko wawure dukiya, ba maganar Matiyu 18 kaɗai ba ce. Romawa 13 ta ce hukuma ma ma'aikaciyar Allah ce, kai mata irin wannan ƙara ba tawaye ba ne.

Saura maganar barin coci, wadda wasu ke ɗauka ita ce ƙolin rashin aminci. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai tsanani a kan Yohanna Markus har suka rabu, ɗaya ya nufi Kubrus, ɗaya ya bi ta Suriya da Kilikiya, Littafi bai la'anci ko ɗayansu ba. Bulus ya ci gaba da ambaton Barnaba da mutunci a wasiƙarsa ga Korintiyawa, daga baya ma ya ce a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi. Mutum yana iya tafiya saboda koyarwa ta karkace, ko an ƙi jin gyara, ko ma ba laifin kowa. Yadda ya tafi shi ne abin dubawa. Ya je ya sanar da shugabanni da bakinsa, ya faɗi dalilinsa na gaskiya ba wanda ya fi daɗin faɗa ba, ya miƙa makullai da lissafin duk abin da ke hannunsa, ya bar lambobin wayar 'yan coci inda ya same su. In wani ya tambaye shi dalili kada ya yi ƙarya, in kuma akwai haɗarin da ke kan wasu, musamman yara, dole ya faɗa wa masu ikon hanawa. Shi kuma faston da aka bari, ba ya da hurumin hawa mumbari Lahadi mai zuwa ya yi wa'azin Yahuza Iskariyoti yana kallon kujerar da ta zama wofi, ko ya hana jama'a gaisawa da wanda ya tafi in sun haɗu a hanya.